Daga Bakin Titi Zuwa Tsakar Gona: Tarihin Iyakar Dokar Hanya



Ya mai karatu, akwai wata tambaya da direbobi kan yi wa juna a duk ƙasar da mota ta shiga. Idan mutum ya yi karo da motar wani, ko ya kaɗe mai tafiya a ƙasa, amma abin ya faru ne a filin ajiye motoci na wani kanti, ko a harabar gida, ko a tsakiyar gona, shin dokar hanya tana hawa kansa? Shin ɗan sanda yana da ikon yanka masa takardar tara? Galibin mutane amsa ɗaya suke bayarwa, wai da zarar ka shige ƙofar mai gida, doka ta tsaya a waje. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ta cakuɗa abubuwa biyu da kowanne hanyarsa daban: tarar da hukuma ke ci, da diyyar wanda aka cuta. A wannan maƙala za mu bi tarihin mas'alar a ƙasar Birtaniya, inda aka shafe fiye da shekara ɗari ana jan wannan iyaka gaba ana mayar da ita baya, daga nan kuma mu waiwayi abin da malaman fiƙihu suka rubuta a kan mahayin dabba tun kafin a ƙera mota.

Tun farko dai dokokin abin hawa a Ingila an yi su ne domin kare hanyar jama'a. Dokar 1865 ta ƙayyade wa injunan da ke tafiya da kansu gudun mil 4 a sa'a a karkara, mil 2 a cikin gari, tare da wani mutum da zai riƙa tafiya a gaba riƙe da jar tuta. A watan Janairu na 1896 aka kama wani mai suna Walter Arnold a yankin Kent yana gudun mil 8 a sa'a, bayan ɗan sanda ya bi shi a kan keke, aka ci shi tarar sule ɗaya a kan gudun. Shi ake lissafawa a matsayin mutum na farko da aka hukunta a ƙasar saboda gudu da mota. To amma duk wannan tsanani a kan titi ya tsaya. Ranar 17 ga Agusta na wannan shekarar, wata mata mai shekara 44, Bridget Driscoll, tana tafiya a cikin harabar Crystal Palace a Landan, inda wani kamfani ke zagayawa da mutane a mota don tallata sabuwar ƙira, sai motar ta banke ta, ta mutu. Ita ce mai tafiya a ƙasa ta farko da mota ta kashe a Birtaniya, kuma a cikin haraba mai shinge ajalinta ya same ta. Masu binciken musabbabin mutuwa suka zauna na wasu sa'o'i, suka ce tsautsayi ne. Ba a gurfanar da kowa ba.

Masu kuɗi ba su ɗauki lokaci ba suka gane amfanin shinge. Da dokar 1903 ta tsayar da iyakar gudu a kan mil 20 a sa'a, sai wani attajiri, Hugh Locke King, ya gina filin tseren motoci na Brooklands a kan ƙasarsa ta kansa a yankin Surrey, aka buɗe shi a 1907. A cikinsa kowa ya yi gudun da injinsa zai iya, babu mai tambayarsa. Ke nan ra'ayin cewa doka tana tsayawa a bakin ƙofa yana da asali, kuma game da iyakar gudu har yau haka abin yake a can.

Mece ce hanya?

Babban sauyi ya zo ne a 1930, shekarar da hatsarin hanya ya kashe mutum sama da 7,000 a Birtaniya. Majalisa ta yi sabuwar dokar zirga-zirga wadda ta wajabta wa kowane mai mota inshorar da za ta biya wanda ya cuta. Irin wannan tsari ne Turawan mulkin mallaka suka kawo Najeriya a dokar inshorar motoci ta 1945. Da yake laifuffukan da dokar ta lissafa kusan duk a kan "hanya" ake aikata su, dole ta faɗi abin da take nufi da kalmar. Sai ta ce hanya ita ce titin gwamnati, da duk wata hanya da jama'a ke da damar shiga. Mai karatu zai lura cewa ba a ambaci mallaka ba ko kaɗan. Abin dubawa shi ne wane ne ke bi ta wurin.

Ba a jima ba aka gwada wannan ma'ana a Sikotlan, a shari'ar da aka sani da Harrison da Hill, wadda aka buga a 1932. Wani mutum ne da aka haramta wa tuƙi aka same shi yana tuƙi a kan wata hanya da ta tashi daga titi ta nufi gidan gona. Hanyar ba ta gwamnati ba ce, amma ba ta da ƙofa, kuma mutanen da ba su da wata hulɗa da gonar sukan bi ta don shan iska. Ya kare kansa da cewa a kan hanyar mai gona yake, doka ba ta kai nan ba. Kotu ta ƙi karɓa. Babban alƙalin, Lord Clyde, ya bayyana cewa jama'ar da ake nufi su ne mutane baki ɗaya, ban da baƙin mai gida da masu kawo masa kaya, kuma wajibi ne ya zama suna shiga a zahiri ba tare da sun tsallake shinge ko sun saɓa hani ba. Inda mai wuri ya ga mutane suna wucewa ya kau da kai, to ya buɗe wa doka ƙofa tare da su. Wannan ma'auni shi ake amfani da shi har yau, kuma a ganina ya dace da hankali, domin dokar hanya an yi ta ne saboda baƙon da bai san ka ba, ba ka san shi ba, amma ƙaddara ta haɗa ku a wuri ɗaya.

Laifi ɗaya ne dokar 1930 ta faɗaɗa wa fage tun daga farko, wato tuƙi cikin maye. Wannan an haramta shi a kan hanya da kuma duk wani wurin taruwar jama'a, ko da ba hanya ba ne. Sauran laifuffukan sai da aka jira shekara sittin. Dokar 1991 ce ta sa tuƙin ganganci da tuƙin sakaci su ma suka zama laifi a kowane wurin da jama'a ke shiga, kamar filin ajiye motocin kasuwa ko na asibiti. Amma aka bar sashen inshora yadda yake, da kalmar "hanya" ita kaɗai. A nan gizo ya yi saƙa.

Mutum biyu ne suka faɗa wannan rami, shari'arsu ta kai har gaban alƙalan Majalisar Dattawa, waɗanda a lokacin su ne kotun ƙoli ta ƙasar. Ta farko wata mata ce da mota ta kaɗe a filin ajiye motoci da ke bayan wasu shaguna a garin Grimsby, direban kuwa ba shi da inshora. Na biyu wani mutum ne da ke zaune a cikin motar abokinsa a wani benen ajiye motoci a Tunbridge Wells. Gwangwanin gas ɗin ƙyastu ya yoyo a cikin motar, abokin ya shigo ya kunna taba, wuta ta tashi ta ƙone shi. Dukansu babu shakka an cuce su, kuma babu shakka game da mai laifi. Tambayar ita ce wa zai biya. Akwai wata hukuma da kamfanonin inshora suka kafa tun 1946 don biyan waɗanda direbobi marasa inshora suka raunata, amma ita da kamfanonin ba a tilasta musu biya sai a kan abin da doka ta wajabta wa inshora, wato abin da ya faru a kan hanya. A watan Oktoba na 1998 alƙalan suka yanke cewa filin ajiye motoci ba hanya ba ne, domin hanya ana bin ta ne daga wani wuri zuwa wani, fili kuwa an yi shi ne don a tsaya. Wanda ya rubuta babban hukuncin shi ma Lord Clyde ne sunansa, jikan wancan na farko. Kaka ya faɗaɗa kalmar har ta shiga gona, jika ya tsayar da ita a bakin filin kanti, ya ce gyaran doka aikin majalisa ne.

Gwamnati kuwa ta gyara. A shekarar 2000 aka ƙara "ko wani wurin jama'a" a sashen inshora, da kuma sashen da ya wajabta wa direba ya tsaya ya ba da sunansa bayan hatsari. Daga nan wanda ya gogi motar wani a filin babban kanti ya sulale, ya aikata laifi daidai da wanda ya yi haka a kan titi. Gyaran dai bai koma baya ya amfani mutanen nan biyu ba.

A gefe guda, takardar da ake liƙa wa mota a filin kanti idan ta wuce lokaci tana rikita mutane, saboda an yi mata kama da ta hukuma. Ita ba tarar hukuma ba ce, bashi ne na yarjejeniya: allon da ke bakin ƙofa ya faɗi sharaɗi, shigarka kuma karɓa ce. Wani direba da ya wuce sa'o'i biyun da aka ba shi kyauta a garin Chelmsford ya ja da kamfanin ParkingEye a kan fam 85 har zuwa Kotun Ƙoli, a 2015 ya sha kaye.

Inda jama'a ba sa shiga

Saura wuri na uku, wanda yake na mai shi ne tsantsa: tsakar gida, gona mai ƙofa, harabar masana'anta. A nan mafi yawan laifuffukan dokar hanya ba sa aiki, kuma sakamakon haka yakan yi ɗaci. A watan Agusta na 2013, a wata gona kusa da birnin Leeds, wani direban tarakta yana ja da baya ya take yaro ɗan shekara 11, ya mutu. Gwaji ya nuna giyar da ke jikinsa ta haura ninki biyu na abin da doka ta yarda a yi tuƙi da shi. Amma ba a iya tuhumarsa da kisa ta hanyar tuƙi cikin maye ba, domin ɓangaren gonar da abin ya faru ba na jama'a ba ne. Sai a ƙarshen 2016 aka ɗaure shi kimanin wata 16, a ƙarƙashin dokar kiyaye lafiyar ma'aikata a wurin aiki. Da a ce taku kaɗan ne a waje da ƙofa, da shekaru ake magana. Ɗan majalisar yankin, Alec Shelbrooke, ya kai batun zauren majalisa a 2017 yana neman a rufe wannan giɓi.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa bayan shinge babu doka sam. Laifin kisa ta hanyar mummunan sakaci bai san shinge ba. Akwai kuma wani tsohon sashe na dokar 1861, wanda aka rubuta saboda masu keken doki, da ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba ga wanda ya raunata wani ta hanyar tuƙin hauka. Da yake bai ambaci hanya ba, har yau masu gabatar da ƙara suna zaro shi idan abu ya faru a filin wani. Haƙƙin kai ƙarar neman diyya shi ma yana nan ko'ina abin ya faru. Matsalar ita ce hukuncin diyya a kan wanda ba shi da abin biya takarda ce kawai.

Wannan matsala ce ta sa wata ƙaramar shari'a daga ƙasar Sulobeniya ta girgiza Turai. A watan Agusta na 2007 wani ma'aikacin gona, Damijan Vnuk, yana kan tsani yana jera damman ciyawa a saman rumbu, sai tarakta mai jan tirela ta yo baya a tsakar gidan gonar ta ture tsanin, ya faɗo. Ya nemi diyyar da ba ta kai yuro 16,000 ba daga kamfanin da ya yi wa taraktar inshora. Kotuna biyu na ƙasarsa suka kore shi, suka ce inshorar ta zirga-zirga ce a kan hanya. Kotun ƙolin ƙasar ta miƙa tambayar ga kotun Tarayyar Turai, ita kuwa ranar 4 ga Satumba 2014 ta ce inshorar dole ta shafi duk wani amfani da abin hawa da ya dace da aikin da aka ƙera shi dominsa. Da wannan, shingen ya faɗi. A 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta bi wannan hanya, ta ɗora wa hukumar nan ta 1946 biyan wani mutum da manomi marar inshora ya banke da mota a cikin gona a yankin Lincolnshire.

Sai kuka ya tashi. Kamfanonin inshora da masu tseren motoci suka ce idan aka bi hukuncin zuwa ƙarshensa, har injin yankan ciyawa da ake hawa da keken filin wasan golf sai an yi musu inshora. Gwamnatin Birtaniya ta ƙiyasta cewa abin zai ci kusan fam biliyan 2 a shekara, wato kimanin fam 50 a kan kowane mai mota. Bayan ficewar ƙasar daga Tarayyar Turai, majalisa ta yi doka a 2022 ta soke tasirin hukuncin, aka koma kan hanya da wurin jama'a kaɗai. Ita kanta Tarayyar ta rage masa kaifi a 2021, ta fitar da tseren motoci bisa wasu sharuɗɗa, amma ta riƙe asalinsa: matuƙar ana amfani da abin hawa a matsayin abin sufuri, ba a duba irin ƙasar da yake takawa. Ni dai ina ganin fam 50 bai kai nauyin mutumin da ya gurgunce ba shi da mai biyansa ba, amma majalisa lissafin masu ƙuri'a ta yi, masu mota kuwa sun fi waɗanda ake kaɗewa a gona yawa.

Mahayi da dabbarsa

Wanda ya yi karatun zaure zai ji wannan muhawara ba baƙuwa ba ce a kunnensa. Asalin babin shi ne hadisin Abu Huraira (Allah ya ƙara masa yarda) da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ke nuna cewa ɓarnar da dabba ta yi, da faɗawa rijiya ko ramin ma'adinai, babu ramuwa a kansu. Malamai suka fahimci wannan a kan dabbar da babu kowa tare da ita, da rijiyar da aka haƙa a inda ya halatta. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya ɗora lamuni a kan mutum uku, mahayi da mai ja da mai kora, game da abin da dabbar ta taka, ya kafa hujja da hukuncin da Sayyidina Umar ya yi a kan wanda ya sukwani dokinsa ya taka wani. Ya kuma bambanta tsakanin wanda ya haƙa rijiya ko ya ɗaure dabba a kan hanyar Musulmi inda bai halatta ba, da wanda ya yi a inda yake da haƙƙi. Risalar Ibnu Abi Zaid, wadda almajirai ke biyawa a zaurukanmu, ta taƙaita wannan hukunci na mutum ukun a babin jini da haddi.

Malaman Hanafiyya ne suka fi tsefe batun wuri. Ƙa'idarsu ita ce wucewa ta hanyar jama'a halal ne, amma da sharaɗin kada ka cuci kowa a cikin abin da za ka iya kauce masa. Da Daular Usmaniyya ta tattara fiƙihunsu na mu'amala a cikin Majalla tsakanin 1869 da 1876, a ƙarƙashin jagorancin Ahmad Jaudat Basha, sai aka jera mas'alar wuri-wuri. Idan dabba tana cikin mallakar mai ita ta yi harbi ko ta kai duka da ƙafar gaba, babu lamuni a kansa. Idan ya shigar da ita filin wani da izini, hukuncin kamar a filinsa ne. Idan babu izini, ya lamunci ɓarnarta. A kan hanyar jama'a kuwa, ƙura da taɓon da kofatonta ya watsa an yafe, amma idan ya tsayar da ita ko ya ɗaure ta a inda ba a tanada don haka ba, duk abin da ta yi yana wuyansa. Har wuraren da aka keɓe don tsayar da dabbobi, irin kasuwar dabbobi, an ware musu hukuncinsu, wato filin ajiye motocin wancan zamani.

Sai dai akwai mas'ala ɗaya da Majalla ta cire daga wannan rabe-rabe gaba ɗaya. Idan mutum yana bisa dabbarsa ta tattake abu ta lalata shi, to shi ne ya lalata da kansa, ko a filinsa ne ko a filin wani, kuma zai biya a kowane hali. Dalili shi ne bambancin da suka yi tsakanin mai aikata ɓarna kai tsaye da wanda ya zama sanadi kawai. Na farko yana lamuni ko bai yi nufi ba. Na biyu sai in ya ƙetare iyaka. Wuri yana da tasiri a kan na biyu, domin da shi ake gane ko ya ƙetare iyaka. Ba shi da tasiri a kan na farko. Direban mota kuwa ya fi mahayin doki kusa da aikatawa kai tsaye, tunda mota ba ta da ra'ayin kanta.

A kan wannan tushe Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta yi zamanta a Burunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa Shari'a ba wajibi ne, kuma shugaba yana da ikon sanya horo a kan mai karya su, har da tarar kuɗi, saboda maslahar jama'a. Hatsarin kansa kuwa ta mayar da shi ƙarƙashin hukunce-hukuncen jinaya da aka sani. Ma'ana, tara horo ne na shugaba, shi ke faɗin inda za ta fara da inda za ta tsaya, yana iya tsayar da ita a bakin ƙofa idan ya ga dama. Diyya kuwa haƙƙin wanda aka cuta ne, ba ta cikin abin da shugaba ke shata wa iyaka da shinge.

Hatta tambayar da ta wahalar da kotunan Turai, wato wa zai biya idan mai laifi ba shi da hali, fiƙihu ya tanadar mata amsa ta hanyar aƙila, wato dangin mutum na wajen uba da ke ɗaukar diyyar kuskure a rarrabe cikin shekara uku. A mazhabar Malik suna ɗaukar abin da ya kai sulusin cikakkiyar diyya zuwa sama, abin da bai kai ba kuwa daga dukiyar mai laifin ake fitarwa. Hanafiyya suka ce tun da Sayyidina Umar ya kafa diwani, abokan rajistar mutum a diwanin su ne aƙilarsa, ana cira daga albashinsu. A cikin sharuɗɗan da malamai suka lissafa kafin aƙila ta biya akwai cewa laifin ya zama kuskure, kuma ya tabbata da shaida ba da iƙirarin mai laifin kaɗai ba. Ba su sanya a cikinsu cewa sai abin ya faru a kan hanya ba.